Tambaya da Amsa: Ƙarfin Dokin da Aka Rubuta a Jikin Inji, Nawa Ne Yake Isa Wurin Aiki?

Tun da damina ta ɗauke, manoman rani suka shiga gyaran fadamu daga Kwalkwalawa har zuwa Goronyo, wasiƙun da suke shigowa wannan fili suka karkata ga injina, kuma mafi yawansu a kan lambar nan ce da ake rubutawa a jikin tanki tare da haruffan HP, wato ƙarfin doki. Mun zaɓi guda huɗu daga ciki, mun ɗan taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin rani ne a fadamar Wurno, ina noma albasa da tafarnuwa. Ina da tsohon injin ban-ruwa mai bakin inci 3 wanda aka rubuta 5.5HP a tankinsa. Bana na ƙaro sabo a Sakkwato, shi ma mai inci 3, an liƙa masa takarda mai cewa 7.5HP, kuma saboda wannan lambar ce na yarda na biya kuɗin da ya fi na sauran. Da na gwada su a rijiya ɗaya, ban ga sabon ya fi tsohon fitar da ruwa ba. Maƙwabcina kuma ya nuna mini littafin injinsa na Honda, wanda girmansa ɗaya da tsohon nawa, amma 4.8 aka rubuta a ciki. Wa yake auna wannan ƙarfin doki, da me ake auna shi, kuma ni an cuce ni ne?
Daga wani manomi a Wurno

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya sa a kwashe amfani lafiya. Lambobin nan uku ba da mudu ɗaya aka auna su ba: ta tsohon injinka mudu ne da aka cika har ya yi tozo, ta maƙwabcinka an shafe bakinsa, ta sabon kuwa sai mun duba mu ga ko an taɓa auna ta ma tukuna.

Ma'aunin ya samo asali ne daga injiniyan nan ɗan Sikotland, James Watt, wanda a shekarun 1780 yake sayar da injinan tururi ga masu masana'antu da masu haƙar ma'adinai da suka saba aiki da dawaki. Da yake abin da masu sayen suke son ji shi ne dawaki nawa injin zai hutar da su ciyarwa, sai ya ƙiyasta aikin doki ɗaya, ya tsayar da shi a kan ɗaga nauyin fam 33,000 zuwa tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muka fi sabawa da shi, wannan daidai yake da ɗaga kilo 76 zuwa tsayin mita ɗaya a kowane sakan, wato kusan jarka uku masu cin lita 25 cike da ruwa. Da za a ɗaura jarkunan nan uku a igiya a cikin rijiya mai zurfin mita 10, inji mai ƙarfin doki ɗaya zai fito da su cikin sakan 10. A lissafin lantarki kuwa doki ɗaya wat 746 ne. Akwai wani ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da Japan, wanda ake rubutawa PS, da ya tsaya a kan kilo 75, wato wat 735 da ɗoriya, amma bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, don haka ba shi ne ya haddasa abin da ka gani ba.

A wajen gwaji ba a auna ƙarfin dokin kai tsaye, lissafa shi ake yi daga abubuwa biyu. Na farko shi ne ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da shaf ɗin injin yake juya abin da aka haɗa shi da shi, wanda littattafan injina suke rubutawa da alamar Nm. Na biyu shi ne yawan juyin da shaf ɗin yake yi a minti ɗaya, wanda ake rubutawa rpm. Na'urar gwajin, da ake kira dainamomita, birki ce da aka haɗa da sikeli. Irinta da ta fara shahara ita ce wadda Bafaranshen nan Gaspard de Prony ya ƙirƙiro a 1821: katakai biyu ake matsawa a jikin wilin da injin yake juyawa, da wani dogon hannu wanda ƙarshensa yake danna sikeli. Injin yana ƙoƙarin tafiya da katakan, sikelin yana nuna ƙarfin da yake yi, sai a ninka wannan da tsawon hannun a sami ƙarfin murɗawa. Na'urorin yau da ruwa ko lantarki suke riƙe injin maimakon katako, kwamfuta kuma take rubuta sakamakon, amma dabarar tana nan yadda take. Ana ba injin wuta har ƙarshe, a riƙa ƙara masa birki har juyinsa ya tsaya a inda ake so, a rubuta abin da sikeli ya nuna, sannan a koma wani juyin.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka ƙarfin murɗawa da yawan juyi, a raba da 9,550, abin da ya fito shi ne kilowat (kilowat ɗaya wat 1,000 ne). A sake raba shi da 0.746 a sami ƙarfin doki. Injin maƙwabcinka, wanda daga bayaninka samfurin GX160 ne mai girman silinda 163 cc, yana ba da kusan Nm 9.5 a juyi 3,600, wanda ya kama kilowat 3.6, wato doki 4.8. Shi dai wannan injin a juyi 2,500, inda murɗawarsa ta fi ƙarfi har ta kai Nm 10.3, doki 3.6 kacal yake bayarwa. Saboda haka duk lambar HP da ba a faɗi juyin da aka auna ta a kansa ba, rabin bayani ce.

To, daga ina 5.5 ta fito? Daga yadda aka shirya injin kafin a gwada shi. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, wadda manyan masu ƙera ƙananan injina suke kafa hujja da ƙa'idojinta, tana da hanyoyin gwaji biyu. A ƙa'ida mai lamba J1995 ana gwada injin ne ba tare da salansarsa da matatar iskarsa ba, yana shaƙar iska yana fitar da hayaƙi babu abin da ya tare shi, kuma wannan ce take ba da lamba mafi girma. A ƙa'ida mai lamba J1349 kuwa sai an ɗaura masa duk kayan da za a sayar da shi da su. Akwai kuma J1940, wadda ta keɓanta da ƙananan injina, ta tsara yadda kamfani zai fitar da lambar da zai rubuta daga sakamakon gwajin. Injin 163 cc da aka daɗe ana kira 5.5 shi ne ya koma 4.8 lokacin da Honda ya koma bayyana ƙarfin injinansa a kan J1349. Haka na 196 cc, wanda kasuwa ta sani da 6.5, ya koma tsakanin 5.5 da 5.8 gwargwadon samfurin, na 389 cc da ake kira 13 kuma ya koma 11.7. Injinan ba su rage ƙarfi ba, hanyar awon ce ta canja, kasuwa kuwa ta riƙe tsohon sunan har yau.

Akwai ma lamba ta uku da ba a cika liƙawa a tanki ba, alhali ita ce ta fi shafar manomi. Da 5.5 da 4.8 duka iyakar abin da injin zai iya ne na ɗan lokaci, an ba shi wuta har ƙarshe. Ƙarfin da zai iya riƙewa daga hantsi zuwa la'asar ba tare da ya yi zafi fiye da kima ko ya tsufa da wuri ba yakan kasance kusan kashi 80 cikin 100 na lambar J1349, kuma ga GX160 takardun kamfanin sun nuna kilowat 2.9 a juyi 3,600, wato doki 3.9. Ke nan inji guda yana da lambobi uku, 5.5 da 4.8 da 3.9, kuma kowacce gaskiya ce a muhallinta.

Wannan ruɗanin ba a kasuwanninmu ya fara ba. A Amurka masu sayen injin yanke ciyawa sun taɓa kai manyan kamfanonin da suke ƙera shi da masu sayar da shi ƙara, suna zargin ana ƙara gishiri a lambar, har ma ana liƙa lambobi dabam-dabam a kan inji iri ɗaya a sayar a farashi dabam-dabam. Kamfanonin ba su amsa laifi ba, amma a 2010 an sasanta a kan dala miliyan 65, kuma tun shari'ar tana gudana wasu daga cikinsu suka daina rubuta HP a kan ƙananan injinansu, suka koma rubuta girman silinda da ƙarfin murɗawa.

Yanzu sai mu zo kan sabon injinka. Ka bar takardar da aka liƙa, ka tsuguna ka duba jikin injin kansa, can ƙasa-ƙasa wajen da ake zuba baƙin mai, za ka ga lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Injinan da ake ƙerawa a Sin a kan fasalin na Honda sukan ɗauki lambobi irin su 168F, 170F, 177F da 188F. Lambar 1 ta farko tana nufin silinda ɗaya, biyun da suke biye faɗin silindar ne da milimita, harafin F kuma yana nuna cewa iska ce take sanyaya injin. Mai lamba 168F yana zuwa a girma biyu, 163 cc ko 196 cc, gwargwadon ko tafiyar fistin ɗinsa milimita 45 ce ko 54. Mai 170F yakan kasance 208 ko 212 cc, mai 177F 270 cc, mai 188F kuma 389 cc. Da zarar ka san girman silinda, akwai lissafin da za ka iya yi da wayarka kana tsaye a gaban shago: ka raba cc da 30 ka sami lambar kasuwa, ka raba da 34 ka sami kusan abin da injin yake bayarwa da salansarsa da matatarsa. Ka gwada da 163 da 196 da 389, za ka ga sun faɗa kusa da lambobin da muka ambata. Wannan lissafin ya shafi injinan fetur ne masu juyi 3,600 waɗanda ba a gauraya musu fetur da baƙin mai.

Idan abin da ka gani 170F ne, to 7 ce lambarsa ta kasuwa, 7.5 ɗin an ɗan ja ta ne, kuma lallai ya fi tsohon naka ƙarfi. Idan kuwa injin 163 cc ne aka liƙa wa 7.5, wannan ba bambancin hanyar awo ba ne, ƙarya ce, domin sai ya yi murɗawar kusan Nm 15 a juyi 3,600 kafin ya kai haka, kuma irin wannan injin ba ya yi. A nan kana da hujjar komawa wurin wanda ya sayar maka, ko da yake sau da yawa shi ma haka ya saro shi a kwali.

Sai dai ko da 7.5 ɗin gaskiya ce, ba lallai ne ka ga ƙarin ruwa ba, kuma a ganina nan ne ainihin amsar tambayarka take. Ruwan da famfo yake fitarwa ya dogara ne da girma da fasalin farfelar da take cikinsa, da kuma saurin juyinta. A cikin injin akwai abin da makanikai suke kira gwamna, wanda aikinsa shi ne riƙe juyi a wuri ɗaya, wajen 3,600. Idan kaya ya yi nauyi ya ƙara wuta, idan ya yi sauƙi ya rage. Idan famfunan nan biyu farfelarsu iri ɗaya ce, juyinsu ɗaya, tiyonsu ɗaya, to ruwansu ma ɗaya ne, muddin ƙaramin injin yana iya ɗaukar kayan. Rarar ƙarfin babban tana nan a ajiye, kuma amfaninta shi ne ba ya aiki a ƙarshen iyawarsa, don haka ana sa ran ya fi daɗewa idan ƙirarsa mai kyau ce.

Abin da ya kamata mai sayen famfo ya duba shi ne lita nawa yake bayarwa a minti, da tsayin da yake iya tura ruwa, amma su ma a karanta su da lura. A kwalin famfo mai inci 3 an saba ganin kusan lita 1,000 a minti da tsayin mita 30, mutane kuma sukan ɗauka zai yi duka biyun a lokaci guda. Lita 1,000 ɗin sai idan ruwan ba hawa yake yi ba, a tsayin mita 30 kuwa ɗigo kawai zai yi ko ya tsaya cik. Da zai haɗa su, da sai ya zuba kilowat 4.9 a cikin ruwan kaɗai, fiye da duk abin da injin 163 cc yake da shi. A aikin fadama na yau da kullum, a ce lita 600 a minti zuwa tsayin mita 10 har da asarar da ruwa yake yi a cikin tiyo, ƙarfin da yake shiga ruwan kusan kilowat 1 ne, kuma da yake irin waɗannan famfunan wajen rabin abin da aka ba su suke mayarwa aiki, injin yana ba da kusan kilowat 2. Tsohon injinka ya wadatar da wannan har da saura.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da ƙanƙara da kayan sanyi a Mabera. An rubuta 6.5HP a jikin injin janaretana. Ɗana da yake karatu a kwalejin fasaha ya ce doki ɗaya wat 746 ne, ya lissafa mini cewa ya kamata in sami wat 4,800 da 'yan kai. Amma da zarar firiza biyu suna aiki na kunna sumon rijiya, sai janaretan ya yi nishi, wuta ta yi ƙasa, wani lokaci ma ya mutu, kuma abin ya fi tsanani a watannin Afrilu da Mayu. Ina sauran wutar take tafiya?
Daga wani ɗan kasuwa a birnin Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ninkawar yaron daidai ce, lambar da ya fara da ita ce ba ta dace da janareta ba. Injin da ake kira 6.5 shi ne mai 196 cc, kuma kamar yadda muka bayyana wa Malam na Wurno, da salansarsa da matatarsa kilowat 4.1 zuwa 4.3 yake bayarwa, shi ma a juyi 3,600. Janaretanka kuwa ba ya kai wannan juyin. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai-komo sau 50 a sakan, kuma kafin ƙaramin janareta irin naka ya ba da haka sai ya tsaya a juyi 3,000 a minti; a Amurka, inda wutarsu take yin sau 60, shi ne ake barin sa a 3,600. A juyi 3,000, ƙarfin da injin wannan girman zai iya riƙewa na tsawon sa'o'i kusan kilowat 3.3 ne. Daga nan kwayil ɗin da yake mayar da juyi zuwa wuta yana asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar zafi, sai a rage da wajen kilowat 2.6. Shi ya sa za ka ga a farantin janaretocin wannan ajin, idan kamfanin mai gaskiya ne, an rubuta kilowat 2 zuwa 2.5 na aikin dindindin, da wata lamba da ta ɗan fi haka ta ɗan lokaci.

Abin da ka lura da shi game da bazara ma yana da dalili. Dukan lambobin gwaji ana daidaita su ne da zafin digiri 25 da iska irin ta kusa da gaɓar teku. Inji iska yake ƙonawa tare da fetur, kuma iska mai zafi da iskar wuri mai tudu ba su kai waccan nauyi ba, don haka abin da silinda take zuƙa a kowane juyi yana raguwa. Ƙiyasin da kamfanin Briggs & Stratton yake bugawa a littattafan injinansa shi ne ƙarfi yana raguwa da kashi 3.5 cikin 100 a kowane hawan mita 300, da kashi 1 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 5.6 sama da 25. Sakkwato tana kusan mita 300 sama da teku, kuma a ranar da zafi ya kai digiri 42 an haura ma'aunin gwaji da digiri 17, don haka idan aka haɗa biyun asarar ta kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Kilowat 2.6 ɗin ya koma wajen 2.4, wato rabin abin da yaron ya lissafa. Idan kuma janaretan a cikin rufaffen kejin kwano yake, iskar da yake shaƙa ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. A ba shi inuwa da sarari a waje, kada a taɓa kunna shi a cikin shago ko ɗaki, domin hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ji warin abin da yake kashe shi ba.

Sai batun sumo. Idan an rubuta masa doki ɗaya, ƙarfin da yake fita daga shaf ɗinsa ake nufi, abin da yake ja daga wuta kuwa yakan haura wat 1,000. Mafi muhimmanci, a daidai lokacin da yake tashi yana jan ninki uku zuwa biyar na wannan, ko fiye, na ɗan sakan, kuma haka kwamfuresar firiza take yi duk lokacin da ta kama. Wannan fizgar ce take sa janaretan nishi. Ka riƙa tayar da sumon da farko janareta yana sake, sannan ka kunna firizojin ɗaya bayan ɗaya, ko ka cika tankinka da sassafe kafin rana ta ɗaga. Idan dole ne su yi aiki tare, sai ka nemi janareta mai injin 389 cc, wanda yakan ba da kusan kilowat 5. Wajen saye kada babbar lambar da take jikin firam ta ruɗe ka, domin sau da yawa sunan samfuri ce kawai. Ɗan ƙaramin janaretan nan mai lamba 950 wajen wat 650 yake riƙewa. Inda aka rubuta ƙarfin janareta da kVA kuma, ka ninka da 0.8 ka sami kilowat kafin ka fara lissafin kayanka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na gaji injin niƙa daga maigidana, Allah Ya jiƙansa. Tsohon injin gas ne na Lister mai manyan wili biyu, an rubuta doki 6 a farantin da yake jikinsa. Ya fara ba da wahala, sai yaran da suke yi mini aiki suka ce in sayi na fetur mai 6.5, tunda ya ma fi shi da rabi. Ni dai na ga ɗaya ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi, ɗayan kuma a bayan babur ake kawo shi, sai hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwargida a Bodinga

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya albarkaci abin da ya bari. Kin yi daidai da ba ki yi gaggawa ba. Irin wannan injin, wanda aka fara ƙerawa a garin Dursley na Ingila, daga baya masana'antun Rajkot a Indiya suka riƙa yin irinsa, silindarsa ta haura 1,400 cc, kuma doki 6 ɗin a juyi 650 kacal yake ba da su, wanda yake nufin murɗawarsa ta kai kusan Nm 66. Na fetur ɗin murɗawarsa wajen Nm 12 ce, yana cike giɓin ne da gudu, domin juyinsa ya ninka na Lister fiye da sau biyar. Bugu da ƙari, doki 6 na Lister ƙarfi ne da aka gina shi ya wuni yana bayarwa, alhali wanda ake kira 6.5 abin da zai iya wuni a kai kusan doki 5 ne. Ke nan da kin saya, ƙasa kika yi.

Gaskiya ne ana iya mayar da gudu ya zama murɗawa ta hanyar fuli da bel, amma sai an yi lissafi. Faɗin fulin inji idan aka ninka da juyinsa dole ya fito daidai da na tsohon, in dai ba za a taɓa fulin da yake jikin maniƙar ba. A ce fulin da yake kan Lister faɗinsa santimita 30 ne. 30 sau 650 ya ba da 19,500, idan aka raba da 3,600 sai a sami santimita 5.4. Fuli ƙarami haka bel ba ya kama shi da kyau, zamewa zai riƙa yi yana zafi. Idan kuma aka sa mai santimita 10 don bel ya kama, faifan niƙa zai yi gudu kusan ninki biyu, gari ya riƙa fitowa da zafi, faifai su cinye da wuri, kaya kuma ya fi ƙarfin injin. Manyan wilin nan biyu ma ba ado ba ne: nauyinsu ne yake tura injin ya wuce duk lokacin da aka cika maniƙar da masara ko dawa ta cije, inda ƙaramin inji zai shaƙe ya mutu.

Shawarata ita ce a fara kiran makaniken da ya san injin gas ya duba zobban fistin da bawul da nozul, ya faɗi kuɗin gyara, domin sau da yawa kayan da ake yi a Indiya suna shiga, kuma inji mai tafiya a hankali irin wannan yana jure shekaru fiye da na fetur, ga shi man da yake sha a kan buhu bai kai nasa ba. Idan gyara ya gagara, kada a sauka ƙasa da na 270 cc da ake kira 9, na 389 cc ya fi kwanciyar hankali, kuma a sa kuɗin canja fuli a cikin lissafi tun farko.

TAMBAYA: Malam, makanikena ya ce matatar iska da salansa suna cinye ƙarfin inji, sai ya cire soson matatar injin ban-ruwana, ya huda salansar, ya kuma ɗaure sifirin ɗin gwamna. Ruwa ya ɗan ƙaru da farko, amma yanzu da ruwan rijiya ya ja ƙasa injin ba ya kamawa ko kaɗan. In ƙara sayen mai ƙarfin doki sama da wannan?
Daga wani manomi a Kware

AMSA: Malam, ka mayar da soson nan tun yau. Duk abin da matata da salansa suke ragewa a injin wannan girman bai kai doki ɗaya ba, kuma ba za ka same shi ba, domin an daidaita kafireto ne da matatar a jiki. Abin da za ka samu shi ne ƙurar hunturu da rairayin fadama suna shiga silinda suna goge zobba, kafin ƙarshen rani injin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Ƙarin ruwan da ka gani daga ɗaure gwamna ya fito, kuma yana da tsada: idan juyin famfo ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ruwa yana ƙaruwa da kashi 10, amma ƙarfin da famfon yake nema daga inji yana ƙaruwa da kashi 33, ban da haɗarin karyewar kwanrod idan aka wuce juyin da aka gina injin a kai. A sa makaniken ya mayar da shi wajen 3,600.

Rashin kamawar kuwa ba na ƙarfin doki ba ne. Famfon da yake zaune a sama ba jawo ruwa yake yi da ƙarfinsa ba, iska yake cirewa daga tiyo, nauyin iskar sararin sama kuma ya turo ruwan sama, kuma iyakar abin da wannan nauyin zai iya ɗagawa mita 10.3 ne a bakin teku. A aikace mita 7 zuwa 8 ne, ko injin doki 5 ne ko 13. Ƙananan rijiyoyin fadama da injinan fetur, waɗanda shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa a shekarun 1990 suka maye gurbin jigo a wurare da yawa, an tsara su ne a kan cewa ruwa yana kusa. Ka zura igiya mai ɗan dutse ka auna daga bakin famfon zuwa saman ruwan. Idan bai kai mita 7 ba, ka duba tiyon zuƙo da mahaɗinsa, domin ƙaramar huda da take shan iska ta isa ta hana shi kamawa. Idan ya haura, ka haƙa rami na mita ɗaya ko biyu a gefen rijiyar ka saukar da injin ciki, kamar yadda manoma da yawa suke yi a ƙarshen rani, ko ka koma ga sumo. Idan ka saukar da shi, ka tayar da shi ka fito, kada kai ko yaranka ku zauna a cikin ramin yana aiki, saboda hayaƙin yana taruwa a ciki.